Hoton Sheƙar Bargi

Litinin, 9 ga Oktoba, ƙarfe 6:40 na safe

Kwana uku ke nan. Ya Kaltum ta sake dama kunun mutum huɗu, alhali mu uku ne a gidan. Na huɗun na mijinta ne, yayana Ya Umara. Na shanye nawa na ƙara da rabin na Ya Umara, don kada Baba ya laluba ya ji kwano a cike ya fara tambaya. Mun gaya masa Ya Umara ya kai banda Damagaram. Ya ce to, amma tun yaushe ɗa ke tafiya Damagaram bai yi wa ubansa sallama ba? Na ce mota ce ta samu ba shiri.

Zan tafi lekol. Darasin yau da ƴan sizyem, ajin farko na sakandare: yadda kifi ke numfashi. Ka ji fa.

Litinin, 1:15 na rana

Su bakwai aka kwasa daga kasuwar kifi ranar Juma'a, ana shirin tafiya masallaci. Ba zan rubuta su wa suka kwashe su ba, ko a littafin nan. Baba Magagi maƙwabcinmu, wanda ya yi shekara talatin yana planto, wato masinja, yana kai takardu ofis-ofis, shi ya je ya shinshino mana. Ya ce yayana na da rai, kuma yana cikin gari, ba a fita da shi ba. Ya ce wani ne ya faɗa cewa an ga Ya Umara a Bakin Tsamiya, lungun kogin nan da ke ƙasa da Geskeru, da waya a hannu, kwana huɗu kafin abin da ya faru can. Abin da ya faru can kowa ya ji, ba sai na rubuta ba.

Wayar tawa ce. Tasa ƴar ƙarama ce, ko hoto ba ta ɗauka.

Talata, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi, ko na huta da juya shi a kaina.

Shekara biyu ke nan ina rubutu a kundin ilimin nan na intanet wanda kowa ke iya sa hannu a ciki, sashen Hausa. Maƙala sittin da ɗaya na rubuta: tattasai, kanwa, kifayen Komadugu ɗaya bayan ɗaya. Ni a wautata aikin alheri nake yi, ɗalibaina su buɗe waya su karanta kifin da suke ci da harshen da suke ji a kasuwa. Da na zo kan kifin bargi sai na zauna gaban Baba da biro. Mutumin da ya yi shekara hamsin a ruwan Boso kafin a koro mu, yanzu ido ya tafi, yana zaune kan tabarma a gidan mutane a Difa ba mai tambayarsa ko sunan kifi. Ranar ya yi ta zuba har shayinsa ya huce. Ya ce idan ruwa ya hau ciyawa, bargi mace da namiji sukan share wuri su zagaye shi, sheƙa sosai, faɗinta kamar mutum ya buɗe hannu biyu. Ya ce masuncin gidanmu in ya ga sheƙar ba ya jefa birgi, ragar kamun kifi, a wurin. Sai ya kama ciyawar da ke tsaye kusa ya ƙulla kanta ƙulli biyu, na bayansa ya gani ya kauce da jirginsa. Da Barbarci ya faɗa, ni na mayar Hausa, ban rage ko kalma ba.

Kwana biyu aka yi Malam Laminu ya cire maganar ƙullin. Yana cikin masu kula da kundin, ban taɓa ganinsa ba, ban ma san garinsu ba. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa ka ji kamar ka buga waya da ƙasa. Ya rubuto mini: “Malama Nadiya, sannu da ƙoƙari. Batun sheƙa yana cikin littattafai, na sa miki madogara. Batun ƙullin ciyawa kuwa ba a wallafa shi ko'ina ba, kuma ƙa'idarmu ba ta karɓar abin da mutum ya ji daga bakin danginsa.” Madogarar da ya sa ta wani Bature ce da ya zo tafki ya yi ƴan watanni tun ba a haife ni ba. Wa ya nuna wa Baturen sheƙar? Oho.

Sati biyu ina musu da shi. Daga ƙarshe ya ce in akwai hoto, za a iya sa bayanin ƙullin a ƙarƙashinsa, matuƙar an cika takardar hoton daidai: wa ya ɗauka, a ina, wace rana. Sai na koma kan Ya Umara. Da fari ya ƙi, ya ce bana sheƙa sai Bakin Tsamiya, kuma can ya wuce inda aka yarda masunta su kai. Na ce masa shi da Baba duk ɗaya ne, su mutu da abin a cikinsu kada kowa ya sani. Haka na ce masa, a gaban matarsa. Ya yi dariya ya ce “Madam ta yi fushi,” ya miƙo hannu na ba shi wayar.

Hoton ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Sheƙar a zagaye, ƙullin da ya yi da hannunsa a gefe. Na cika takardar kamar mai cika takardar jarrabawa: Umara Fannami, Bakin Tsamiya, Lahadi 24 ga Satumba. Malam Laminu ya rubuto, “Madalla, haka ake so.” Ranar har da ƴar rawata a ɗaki.

Laraba, 11 ga Oktoba, 7 na safe

Ba labari. Kunun mutum huɗu.

Laraba, 5 na yamma

Baba Magagi ya zo, muka zauna a zaure don kada Baba ya ji. Na gaya masa zancen hoton. Ya cire hula ya riƙe kai. Ya ce, “Ƴata, ni dosiye, fayilolin mutane, na ɗauka har na tsufa. Abin da aka rubuta shi ke ɗaure mutum. Umara ba yaro ba ne, zai ce bai je ba, kowa haka yake cewa. Ku kuma aikinku ku share sawunsa.” Ya ƙara da cewa kada in kuskura in rubuta wa kowa maganar kamun a waya, ko a asirce, don ba a san mai karantawa ba.

Na goge hoton daga wayata Ya Kaltum na tsaye a kaina. Ta ce in shiga inda gogaggun abubuwa ke taruwa in goge can ma, wai ta ji ana dawo da su. Ban san ta san wannan ba. Na goge, na nuna mata.

Saura na kundi. Mutum ɗari biyu da sha biyu sun buɗe shafin bargi a watan nan. Da can in na ga lambar nan daɗi nake ji.

Alhamis, 12 ga Oktoba, 10:20 na safe, lokacin hutun lekol

Na cire hoton daga maƙalar. Kafin in gama aji na biyu Malam Laminu ya mayar, wai ba a cire abu mai amfani ba dalili. Ashe ma ko na cire daga maƙala, hoton kansa yana wata ma'ajiya dabam da ban da ikon taɓawa, da suna da wuri da rana duk a jiki.

Na rubuta masa cewa hotona ne, ina son abina. Ya ce ba nawa ba ne kuma, ranar da na ɗora shi na amince da lasisin da ya ba duniya, kuma ba a janyewa. In ina so a goge, sai a buɗe tattaunawa ta kwana bakwai, in faɗi dalili, jama'a su ba da ra'ayi. Tattaunawar kuma a fili take, kowa na karantawa.

In faɗi dalili. In tsaya a tsakiyar kasuwa in ce ku zo ku ga inda yayana ya je.

Na rubuta cewa hoton bai fito da kyau ba.

Juma'a, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Sati guda cif. Mutum huɗu sun ce a bar hoton. Wani ya rubuta cewa irinsa babu a duk ma'ajiyar, har sashen harsuna uku sun ɗauka sun sa a nasu shafin. Ya taya ni murna.

Asabar, 14 ga Oktoba, 4 na yamma

Ya Kaltum ta kai abinci ƙofar wurin. An karɓa, bayan awa biyu aka miƙo mata kwano. Ta dawo ta ajiye shi gabana ta ce in duba. A wanke yake tas. Ya Umara bai taɓa wanke kwano ba tun da aka haife shi. Muka zauna muna kallon kwano kamar wasu marasa hankali, ita tana cewa ƙila ya koya, ni ina cewa ƙila.

Ba ta zarge ni ba har yanzu. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Lahadi, 15 ga Oktoba, hantsi

Baba ya ce in karanta masa kifinsa. Tun da aka sa hoton, duk baƙon da ya shigo sai ya sa na karanta masa, wai maganarsa ta shiga waya. Na karanta. Da na zo kan ƙulli ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce na manta abu ɗaya: ba a kwance ƙullin sai ƴaƴan sun bar sheƙa. Na ce zan sa. Can ya ce Damagaram ta ƙara nisa bana.

Na fita na tsaya bayan ɗaki har idona ya bushe.

Talata, 17 ga Oktoba, 12:30

Tara sun ce a bari, ni kaɗai na ce a goge. Wata baiwar Allah ma ta kawo shawara a sa maƙalar cikin zaɓaɓɓun da ake nunawa a shafin farko. Allah ya saka mata.

Mutanen nan ba mugaye ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Kowa yana zaune inda yake da fankarsa yana kare ilimi. Ni ma haka nake har watan jiya. Ni ce fa na taɓa goge wa wani maƙalar garinsu sukutum don bai kawo madogara ba, har na rubuta masa sannu da ƙoƙari.

Laraba, 18 ga Oktoba, bayan la'asar

An saki biyu cikin bakwai ɗin. Na je gidan ɗaya, Abbakar mai banda, ya ce shi ba a haɗa shi ɗaki da Ya Umara ba, bai ga komai ba, bai ji komai ba, in yi haƙuri in tafi. Bai ko kalle ni ba.

Baba Magagi ya ce waɗanda suka rage, in an rufe dosiyensu Yamai za a kai su. Wanda aka kai can kuwa, ba a lissafa masa da sati.

Ya tambaye ni ko abin nan ya sauka daga intanet. Na ce saura kwana ɗaya. Ya ce masu tsare da shi ma fa suna da waya, suna ɗaya za su buga.

Alhamis, 19 ga Oktoba, 3 na yamma

An rufe tattaunawa. An bar hoton.

Ban koma lekol ba, na ce kaina ke ciwo. Na zauna na karanta ƙa'idodinsu tun daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba a shekara biyu. Akwai wani kwamiti da ake rubuta wa in abu ya shafi lafiyar mutum, amma sai ka bayyana komai a rubuce, kuma ba a faɗi ranar amsa ba. Akwai kuma hanya ɗaya da ba ta jiran kowa. In hoto na sata ne, ba tattaunawa, ba kwana bakwai, nan take ake goge shi.

Juma'a, 20 ga Oktoba, 9:50 na safe

Ga abin da na rubuta, in ajiye shi nan don in riƙa gani:

“Ina neman afuwa. Hoton nan ba Umara Fannami ne ya ɗauka ba. A wani shafi na gan shi na kwafo. Wurin da ranar da na rubuta duk ni na ƙirƙira, don a karɓi maganar ƙulli.”

Na danna ƙarfe 9:05. Ƙarfe 9:45 babu hoton, a Hausa da sauran harsunan duka. Minti arba'in. Gaskiyar Baba sati biyu na yi ina roƙo, ƙaryata ko shayi ba a gama ba aka karɓe ta.

Juma'a, 2 na rana

An toshe ni, ba ranar buɗewa. An cire bayanin ƙulli, an sa wa sauran maƙalolina sittin alamar a sake bincike. Malam Laminu ya rubuto layi biyu. Ya ce ya yarda da ni fiye da kowa a sashen, kuma bai san abin da zai ce ba.

Ina ruwana. Na nuna wa Ya Kaltum akwatin hoton fayau, ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya yi mini albarka. Yau na ci abinci har na ƙara.

Asabar, 21 ga Oktoba, 8 na safe

Na buɗe shafina. Sunana da jan rubutu a ƙasa. Ban zaci zai yi mini zafi ba, ya yi.

Litinin, 23 ga Oktoba, 6 na yamma

Baba Magagi ya ce ana neman mutum ɗaya daga gida gobe ƙarfe tara, kuma ni aka ambata, malamar lekol. Ya ce in ce ban san komai ba, ban ba shi waya ba, ban san Bakin Tsamiya ba. Mun maimaita sau uku a zaure kamar masu bitar wasan kwaikwayo.

Talata, 24 ga Oktoba, 1 na rana

Bari in rubuta.

Mutumin da ke riƙe da dosiyen ba irin wanda na zata ba ne. Dattijo ne gajiyayye, ya ba ni kujera, ya kira ni Madam. Ban ko buɗe baki na fara karatun da na haddace ba ya ce yayana tun ranar farko magana ɗaya yake yi, bai canza ba ko sau ɗaya. Ya ce ya je Bakin Tsamiya. Ƙanwarsa ce ta aike shi ɗaukar hoton gidan kifi don littafin intanet.

Ashe bai ce bai je ba. Ya Umara da ko wasan ɓuya muna yara in an tambaye shi inda na ɓuya sai ya nuna. Ni na san shi, ba Baba Magagi ba. Ni ya kamata in tuna.

Mutumin ya ce zuwan ba shi ne ya dame su ba, masunta na satar hanya kullum, an sani. Abin da ya dame su ciyawa ce. An samu ciyawa a ƙulle, ƙulli biyu, daidai inda mutanen dajin nan suka tsallako kogi ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, kuma wanda ya ga Ya Umara ya gan shi yana ƙullawa. Su a wurinsu alama ce aka sa wa masu zuwa. Yayana ya ce al'adar masunta ce, kuma an rubuta ta a kundin da hotonta.

“Ni ba ɗan ruwa ba ne, Madam,” in ji shi. “Amma wanda ya yi wa mutanen nan alama ba zai sa sunansa da ranar a gaban duniya ba. In hoton yana nan kamar yadda ya faɗa, tun kafin abin ya faru, yau zan rubuta a sallame shi. Nuna mini.”

Ya juyo mini da kwamfuta. Da hannuna na buga sunan kifin.

Ya karanta maƙalar har ƙasa, ba ƙulli. Ya danna akwatin hoton, sanarwar ta fito, ya karanta ta da ƙarfi, a hankali, kamar mai karanta wa aji: an goge wannan hoto, wadda ta ɗora shi ta amsa da kanta cewa ba Umara Fannami ne ya ɗauka ba, kuma wurin da ranar ƙirƙira ta yi.

Ya cire tabarau ya ce, “Wanne ne ƙarya, na Satumba ko wannan?”

Na ce wannan. Na ce tsoro ne. Ya ce ranar ashirin na rubuta, yayana na hannunsu sati biyu, to me nake ɓoyewa? Ya ce in kawo wayar. Na miƙa, aka shiga da ita ciki, aka dawo da ita bayan rabin awa, ba komai, ni na tabbatar da haka tun sati biyu da suka wuce. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yanzu a dosiye akwai mutum da ya ce ya ɗauki hoto, da ƴar'uwarsa da ta rubuta wa duniya cewa bai ɗauka ba. Mota za ta tashi ranar Alhamis. In hoton ya dawo inda yake da ranarsa ta asali kafin nan, zai duba.

Talata, 5:30 na yamma

Baba Magagi ya ce shi dai shawara ya bayar, kuma a zamaninsu haka ake yi. Ya Kaltum ta saurare ni har na gama, ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule.

Laraba, 25 ga Oktoba, 7:10 na safe

Wanda aka toshe ba ya iya rubutu ko'ina sai a shafin kansa. Na rubuta komai can, a fili, kamun da ƙullin da motar Alhamis. Abin da na yi sati biyu ina ɓoyewa na baje shi cikin minti goma. Kowa ya karanta, me ya rage?

Laraba, 11 na safe

Malam Laminu ya amsa da wuri. Ya yi salati, ya ce me ya sa ban gaya masa ba tun farko, da ya san ƙofar da zai buga. Ya ce toshewar zai iya sa baki, amma ma'ajiyar hotuna ba a hannunsu take ba, masu kula da ita wasu ne a wasu ƙasashe, shi kansa ba ya iya ganin hoton yanzu. Ya rubuta musu, sun amsa masa. Tunda wadda ta ɗora ta faɗi magana biyu masu karo da juna, ba a ɗaukar ta uku daga bakinta. Sai mai hoton da kansa ya cika takardar izini ya sa hannu, a aika, masu dubawa su duba. Yakan ɗauki sati, wani lokaci fiye.

Na ce mai hoton yana tsare. Ya ce ya gaya musu, sun ce sun tausaya ƙwarai.

Ya turo mini takardar. Na je na buga ta a shagon kusa da tasha, shafi ɗaya ce.

Laraba, bayan la'asar

Na gaya wa Baba. Na durƙusa gabansa na faɗa duka, har da abin da na rubuta ranar Juma'a. Ya ce ya san ba Damagaram ba ce, wuƙar bandar Umara na rataye inda take, ya laluba ta tun ranar farko. Sai ya tambaye ni, “Kin ce musu ƙullin ma ƙarya ne?” Na ce ban ce haka kai tsaye ba. Ya ce a ba shi rigarsa.

Baba Magagi ya riƙe masa sanda muka tafi. Mun yi awa guda a rana kafin a bar mu mu shiga. Baba ya zaro karan ciyawa biyu da ya cire daga zanan gidanmu, ya tsaya gaban teburin mutumin, ba ido, ya ƙulla, ƙulli biyu, yana bayani da Hausarsa da ba ta da yawa. Ya ce ubansa ya koya masa, shi ya koya wa Umara, ba don mutum ake yi ba, don kifi ne. Mutumin ya karɓi ciyawar ya juya ta. Ya ce, “Baba, na gani. Amma kai ubansa ne.”

Na miƙa takardar izinin na roƙa a kai wa Ya Umara ya sa hannu. Ya ce ba a shigar da takarda sai da izinin na sama, na sama kuma ya tashi, in zo gobe da sassafe.

Da muka dawo Baba ya ce Kaltum ta ba shi ruwa. Ina zaune kusa da randar.

Alhamis, 26 ga Oktoba, 9 na safe

Ƙarfe shida da rabi muna ƙofar, ni da takarda da biro, Ya Kaltum da kwanon abinci da riga biyu a leda. Mai gadin ya ce motar ta tashi ana idar da sallar asuba, don gudun zafi. Su biyar. Bai karɓi kwanon ba.

Mun tsaya nan ban san minti nawa ba. Ya Kaltum ta dubi takardar hannuna ta tambaye ni mece ce, duk da ta sani. Na ce wadda zai sa wa hannu. Ta ce in nuna mata wurin, na nuna mata layin da ke ƙasa.

Ta ce, “Ki sa masa mana, Nadiya. Ai kin iya. Ko sai ƙaryar da za ta kai shi Yamai kaɗai hannunki ke rubutawa?”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora kwanon a ka ta yi gaba, na bi ta a baya har gida.

Juma'a, 27 ga Oktoba, 10 na safe

Malam Laminu ya rubuto yana tambaya ko mai hoton ya samu ya sa hannu. Ya ce kada in damu, takardar ba ta da wa'adi, duk ranar da ya sa za a karɓa.